Daga Alƙalami Zuwa Tebur: Yadda Za Ka Rubuta Labarin Wasa Irin Na D&D Har Ka Kai Shi Kasuwa

A farkon watan Janairun 2023 wata takarda ta sulale daga kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan Dungeons & Dragons, ta faɗa hannun 'yan jarida. Daftarin sabon lasisi ne. Tun shekarar 2000 kamfanin ya bai wa kowa izinin ɗaukar dokokin wasan ya gina nasa littafin a kansu ya sayar, ba tare da ya biya ko sisi ba, ƙarƙashin wani lasisi da ake kira OGL. Daftarin da ya fito yana neman soke wancan izini, ya kuma ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan duk abin da mai bugawa ya samu sama da dala 750,000 a shekara. Nan fa aka yi wa kamfanin ca. Masu wasa suka dinga soke rajistarsu a shafin kamfanin mai suna D&D Beyond, kamfanin Paizo mai wasan Pathfinder ya sanar zai fito da nasa lasisin mai suna ORC, ƙananan marubuta suka fara tattara nasu ya nasu. Ranar 27 ga watan kamfanin ya lashe amansa. Ya bar tsohon lasisin yadda yake, ya kuma saki ginshiƙin dokokin wasan ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda in an bayar da shi ba a janye shi.

Ma'anar wannan ga ni da kai ita ce ƙofar a buɗe take, kuma babu mai ikon sake rufe ta. Wanda yake da labari a ka, yana da wayar da za ta iya fitar da fayil ɗin PDF, zai iya shiga wannan kasuwa daga ɗakinsa.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ka ƙaddara tatsuniya ce, sai dai masu sauraro ba "ta zo mu ji ta" kaɗai suke cewa ba. Kowannensu yana riƙe da jarumi ɗaya a cikin labarin. Mutum guda, wanda zan riƙa kira madugu, shi ke bayyana wuri, shi ke yin muryar duk wanda aka haɗu da shi. Ya ce, "Kun iso ƙofar gari an riga an rufe, dogari yana gyangyaɗi." Ɗan wasa ya ce, "Ni haura ganuwa zan yi." Sai a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ta yanke hukunci: ko ya dira lafiya, ko ya faɗo a kan dogarin. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da D&D a 1974 a Amurka. Abin da za mu koyi rubutawa shi ne ɗan littafin da madugu yake riƙewa a hannu, wanda ya ƙunshi wuri, mutane, matsala da sirrin da 'yan wasa za su tono.

Mataki na farko: ka yi wasan

Ba zan daɗe a nan ba. Wanda bai taɓa zama madugu ba ba zai rubuta wa madugu abin da zai amfane shi ba, kamar yadda wanda bai taɓa tuƙa tuwo ba ba zai faɗa maka lokacin ƙara gari ba. Tara abokai uku ko huɗu, ku yi zama biyar ko shida. Kallon masu yin wasan a YouTube yana taimakawa, amma ka sani da yawansu ƙwararrun 'yan wasan murya ne, teburinka ba zai yi kama da nasu ba.

Wani babba zai iya leƙowa ya ga ɗan lido ya ce caca kuke yi. Ka yi masa bayani cikin ladabi: ba a zuba kuɗi, babu mai ci babu mai faɗuwa. Ko a Amurka wasan ya sha irin wannan zargi a shekarun 1980, inda aka dinga danganta shi da tsafi, har kamfanin TSR mai shi a lokacin ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugu na biyu a 1989.

Mataki na biyu: zaɓi dokoki, ka karanta lasisinsu

A nan sababbin shiga suke yawan yin tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko ita ce takardar da ake kira SRD, wato ginshiƙin dokokin wasan da kamfanin ya ba kowa izinin amfani da shi. Akwai mai lamba 5.1, ta dokokin bugu na biyar na 2014, wadda aka sa ƙarƙashin Creative Commons a waccan rigimar. Akwai kuma 5.2 da ta fito a watan Afrilun 2025, ta dokokin da aka sabunta a 2024. Duka biyun kyauta ne a intanet, duka ƙarƙashin lasisin CC-BY-4.0. Sharaɗin ɗaya ne: ka kwafi jimlar nuna asali da aka rubuta a farkon takardar, ka sa ta a cikin littafinka yadda take. Shi ke nan. Ka sayar a inda ka ga dama, ka sauya abin da ka ga dama, har fassara takardar zuwa Hausa lasisin ya yarda maka. Amma ka kula, abin da ke cikin SRD kaɗai aka ba ka. Littattafan da kamfanin yake sayarwa sun fi ta yawan kaya nesa ba kusa ba. Duniyar Forgotten Realms, ƙagaggiyar duniyar da kamfanin yake gina labaransa a cikinta, ba ta ciki, dodannin da kamfanin yake tinƙaho da su irin su beholder ba a ba da bayanansu ba, tambarin D&D ma ba naka ba ne ka manna a bango. Duk abin da za ka ɗauko, buɗe SRD ka laluba. In babu shi a ciki, ƙirƙiri naka.

Ta biyu ita ce kasuwar DMs Guild da aka buɗe a 2016. A can an yarda ka yi amfani da Forgotten Realms da dodannin kamfanin. Farashin wannan izini shi ne rabin cinikinka ne kawai zai zo hannunka, kuma abin da ka sa a can ba za ka sayar da shi a wani wuri ba, sauran marubutan kasuwar ma suna da damar ɗora nasu aikin a kan naka. In duniyar labarinka taka ce, kuma kana fatan wata rana ka mayar da ita littafin ƙagaggen labari, kada ka kai ta can.

Ta uku, wadda ni na fi karkata gare ta ga mai farawa, ita ce ƙananan wasanni masu sauƙin doka. Cairn na Yochai Gal kyauta ne, dokokinsa 'yan shafuka ne, yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai sharaɗin cewa abin da ka kwafa ka sarrafa daga rubutunsa kai ma ka sake shi a kan irin lasisin. Blades in the Dark na John Harper shi ma ya saki ginshiƙin dokokinsa, kuma da ɗan lido mai fuska shida kaɗai ake yinsa, irin wanda za ka samu a kowace kasuwa. D&D kuwa yana buƙatar mai fuska ashirin da 'yan'uwansa, ko da yake manhajar waya tana iya tsayawa a madadinsu. Masu sayen kayan D&D sun fi yawa, masu sayar da shi ma sun fi yawa. A ƙaramar kasuwa an fi saurin ganin sabuwar fuska.

Mataki na uku: rubuta matsala, ka bar musu ƙarshe

Marubucin ƙagaggen labari ya saba da mulki. Shi yake yanke wa jaruma wanda za ta aura, shi yake kashe mugu a babi na ƙarshe. A nan sai ka sauka daga karaga. Jaruman ba naka ba ne, na mutanen da ba ka taɓa gani ba ne, kuma za su yi abin da bai taɓa zuwa maka a rai ba. Duk jimlar da ta fara da "daga nan sai jaruman su tafi..." ƙarya ce, domin ba lallai su tafi ba. Aikinka ka ɗaura ƙulli mai kyau, ka faɗa wa madugu yadda aka ɗaura shi, ka bar kwancewa ga masu tebur.

Bari in nuna da misali. Wani birni mai ganuwa, na ƙirƙira. Sarki ya rasu, masu zaɓe sun tsallake babban ɗa sun zaɓi ƙaninsa. Saura kwana uku naɗi sai aka wayi gari babu tambarin sarauta a ɗakin ajiya, kuma a al'adar garin ba a naɗi sai an buga shi. Waziri ya kira 'yan wasa a asirce, domin su baƙi ne, ba su da ɓangare.

Abu na farko da za ka rubuta shi ne gaskiyar lamari, a sakin layi ɗaya, a shafin farko. Kada ka ja wa madugu rai, shi abokin sirrinka ne. A nan gaskiyar ita ce ba sata aka yi ba. Sarkin tambura, dattijon da ke kula da kayan, ya gano gara ta cinye gindin tambarin saboda sakacinsa. Tsoron kunya ya sa ya ɗora shi a jaki da asuba ya kai wa wani masassaƙi a ƙauye ya gyara kafin ranar. Babban ɗan sarki bai san inda tambarin yake ba, amma ɓatan ya yi masa daɗi, yaransa suna yaɗawa a kasuwa cewa tambari ya ƙi sabon sarki. In ya riga kowa gano inda yake, ƙona shi zai sa a yi.

Ka ga babu mugu guda da za a sare a huta. Akwai mai jin kunya, akwai mai jin an zalunce shi, akwai agogo yana tafiya. Wannan agogon shi ne abu na biyu: rubuta abin da zai faru in 'yan wasa sun naɗe hannu. Rana ta farko, jita-jita ta cika kasuwa. Rana ta biyu, dogarai sun kama wani yaron fada da bai san hawa ba bai san sauka ba, yaran babban ɗa kuma sun ji labarin jakin. Daren rana ta uku, sun isa ƙauyen da wuta. Da wannan jadawali a hannu, madugu ba zai taɓa rasa abin faɗa ba, ko da 'yan wasa sun ɓata yini guda suna cinikin doki.

Abu na uku, mutane. Biyar ko shida sun isa. Kowanne layi uku: me yake so, me yake ɓoyewa, da wata alama da madugu zai kama ya kwaikwaya. Sarkin tambura yana so a gama naɗi ba a san asirinsa ba, kuma duk tambayar da aka yi masa sai ya fara gyara rawani kafin ya amsa. Jakadiya ta san komai na cikin gida, amma ba ta magana sai an fara ba ta labari. Tarihin kakannin mutum shafi biyu ba ya amfanar madugu da mutum huɗu suka zuba wa ido suna jiran amsa.

Sai alamomi. Akwai wata ƙa'ida da marubucin wasanni Justin Alexander ya yaɗa: duk gaskiyar da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye mata alama uku a wurare daban-daban, domin za su wuce ta farko, su yi wa ta biyu mummunar fahimta, sai a ta uku su farga. A labarinmu, ga garin itace da ƙasar gara a inda tambarin yake zama. Ga mai gadin ƙofar yamma da ya ga jaki da kaya a lulluɓe kafin kiran assalatu. Ga dillaliyar da matar sarkin tambura ta kai wa awarwaronta a gaggauce, domin a biya masassaƙi. Ko wacce suka bi, za ta kai su.

Kada kuma ka rataye labarin gaba ɗaya a kan jifa ɗaya. A dokokin bugu na biyar lambar da ake buƙatar samu a jifa ita ke nuna wuyar abu: 10 mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. In ka ce sai an sami 15 za a ga garin itacen, kuma shi kaɗai ne hanya, to ranar da ɗan lido ya ƙi, wasa ya mutu. Wanda ya duƙa ya duba, ya gani. Jifa ta yanke ƙarin bayani ko tsadar abin: mai gadi ya yi magana kyauta, ko sai an ba shi na goro, ko ya faɗa amma ya kai rahoto gidan babban ɗa.

Gargaɗi ɗaya game da ɗebo kaya daga gida. Tatsuniyoyinmu da tsarin sarauta da fatauci da sana'o'i rumbu ne da kasuwar nan ba ta saba gani ba, ko da yake wasu sun taɓa gina wasanni a kan Afirka, kamar Nyambe a 2002 da Spears of the Dawn na Kevin Crawford. Amma ka ƙirƙiri garinka da sarautarka. Kada ka ɗauki masarauta mai rai ko gidan da jikokinsa suke nan ka mayar da su miyagu, kuma abin da mutane suke bauta da shi ba kayan wasa ba ne.

Mataki na huɗu: ka ba wani ya ja, kai ka yi shiru

Da farko ka ja wasan da kanka sau ɗaya ko biyu. Ranar da na fara gwada labarin tambarin nan, na shirya ƙauye da masassaƙi da faɗan dare, ina ta zumuɗi. Minti ashirin da farawa ɗaya daga cikin abokaina ya kalli sauran ya ce, "Wai wa ya taɓa ganin tambarin nan kusa da kusa? Mu sa a sassaƙa wani mana." Suka kwashe awa biyu suna neman itace da fatar sa da hayaƙin da zai sa sabo ya yi kama da tsoho. Ko harafi ɗaya ban rubuta a kan haka ba. Daren ya fi wanda na tsara daɗi, kuma washegari na ƙara rabin shafi mai taken abin da zai faru in sun yi na jabu, da jerin mutum uku da za su gane sautin ba shi ba ne.

Gwaji na gaske shi ne na biyu. Miƙa wa wani madugu takardun, kada ka yi masa bayanin komai, ka koma gefe da biro. Duk inda ya tsaya yana juya shafi, sa alama. Duk inda ya ɗago ya tambaye ka, rubutun ne ya gaza, domin mai saye a wata ƙasa ba zai same ka ya tambaya ba. Bakinka zai yi ƙaiƙayi. Daure.

Mataki na biyar: tsara shafi

Ka tsaya a shafi 16, girman A5. Dalili: takardar A4 huɗu in an naɗe su biyu aka ɗinke tsakiya, shafi 16 suke bayarwa, shi ya sa irin waɗannan ƙananan littattafai suke zuwa da adadin da huɗu ke rabawa. Taswira da bayaninta su zauna a shafuka biyu masu kallon juna. Abin da madugu zai karanta a fili kada ya wuce jimla uku, in ya wuce za ka ga an fara danna waya.

Scribus da LibreOffice kyauta ne, shafin Homebrewery kuma yana fitar da tsari mai kama da littattafan D&D. In da Hausa kake rubutu, gwada ɓ da ɗ da ƙ a salon haruffan da ka zaɓa kafin ka yi nisa. Da yawa daga masu kyan gani ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma. Noto da Gentium da Charis suna da su. Shawarata ka fitar da bugu biyu, na Hausa domin teburin gida, na Ingilishi domin yawancin masu saye da shi suke karatu.

Hoto kuwa, kada ka kwaso daga intanet. Mai zanen taswira Dyson Logos ya saki taswirori da yawa da aka yarda a sa a kayan sayarwa in an ambaci sunansa. Ko ka nemi mai zane na kusa da kai, ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce. Hotunan ƙirƙirarriyar basira (AI) kuwa suna da baƙin jini a wannan kasuwa. Paizo ya haramta su a kayansa tun Maris 2023, Wizards ma ya sha suka a watan Agustan shekarar da aka gano su a wani littafinsa, ya fito ya ce ya hana masu yi masa zane amfani da su. Zanen biro mai ɗan karkata ya fi sayuwa a wurin waɗannan mutane.

Mataki na shida: kasuwa da kuɗi

Shagunan intanet biyu ne manya. DriveThruRPG yana ba ka kashi 70 in a wurinsa kaɗai kake sayarwa, kashi 65 in kana sayarwa a wasu wurare. Shafin itch.io yana ɗaukar kashi 10 a bisa al'ada, kuma kai kake da ikon ƙarawa ko ragewa. Ɗauki 65, ka sa a duka biyun.

Kafin ka ɗora komai, tabbatar da hanyar da kuɗin zai iso ka. Shafin itch.io yana biya ta PayPal ko Payoneer. Za a sa ka cike takardar harajin Amurka, kuma da yake Najeriya da Nijar ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, ka sa ran za a iya riƙe har kashi 30 na abin da aka ɗauka a matsayin cinikin can. Lissafa wannan tun kafin ka yanka farashi. Littafin farko, ka bar shi a kan "biya abin da ka ga dama", ka sa shawarar dala biyu ko uku. Masu karatu kake nema tukuna.

Za ka ji labarin Kickstarter, shafin da ake tara kuɗi daga jama'a kafin a fitar da aiki. Wasan Avatar Legends ya tara sama da dala miliyan 9 a 2021, marubuci Brandon Sanderson ya tara sama da miliyan 41 a 2022 domin littattafai huɗu, wasan da aka gina a kan duniyar littattafansa ya haura miliyan 14 a 2024. Waɗannan sun zo da jama'arsu ne tun daga gida. Ma'aunin da ya fi dacewa da kai shi ne na DriveThruRPG, inda ake ba littafi lambar tagulla in ya sayar da kwafi 51, ta azurfa a 101, kuma littattafai da yawa ba su taɓa kaiwa ta tagullar ba. Ban da haka Kickstarter ba ya karɓar masu neman tallafi daga kowace ƙasa, sai ka duba jerinsu, kuma in ba a cika adadin da ka nema ba ko kwabo ba za ka karɓa ba.

Abin da ya fi sauƙin shiga shi ne gasar rubutu. Shafin itch.io kullum yana da gasannin ƙirƙirar wasa masu wa'adin mako biyu ko wata ɗaya, akwai kuma gasar One Page Dungeon da ake yi tun 2009, inda komai da komai, har taswira, dole ya shiga shafi ɗaya. Labarin tambari zai shiga: gaskiyar lamari a sama, jadawalin kwana uku a gefen dama, mutum biyar a ƙasa, taswirar gari da hanyar ƙauye a tsakiya.